Sittin da Ɗaya na Baba Kafinta

“Hamsin da huɗu! Jiya fa hamsin da tara kika ba ni. Me ya ragu a bakina daga jiya zuwa yau?”

Da waya Baba Kafinta yake wannan faɗan. Ina zaune a barandata, ƙafa a kan keken ɗinki, ina jiyo shi ta saman 'yar katangar da ta raba gidajenmu. Muryar matar nan ta cikin wayar ta sake maimaita maganar da wani yaren ƙasar waje, a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Baba ya gyara murya ya bi ta. Sai ƙarar nan ta faɗuwa, wadda duk layinmu ya riga ya haddace.

“Hamsin da biyu,” in ji shi. “To, Allah ya isa.”

Na tashi na leƙa. Yana kan bencinsa a ƙarƙashin rumfar da ya yi shekara arba'in yana aiki, tabarau a ƙarshen hanci, ya riƙe wayar da hannu biyu.

“Baba, wa ake wa Allah ya isa da yammacin nan?”

“Malamata mana, Mai ɗinki. Ba ta da mutunci ko na anini. Mutum ya yi ta fama, ko sannu ba ta iya ba.”

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Baba, kuma zan iya rantsuwa ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa a kan aiki ba. Teburin da nake yanka a kai shi ya yi min. Ranar da ya kawo, ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya ga ɗigon ya karkata da abin da bai kai silin gashi ba, sai ya sa aka sake kinkimar teburin aka mayar rumfa. Kwana takwas ina yanka kayan mutane a ƙasa, gwiwoyina suna tsine masa. Maganarsa ɗaya ce kullum: shi ba ya ba da kujera mai rawa.

Wannan halin ne ya nemi ya cuce shi a ƙarshe.

Autansa ya tafi karatu ƙasar waje, ya yi aure a can, aka haifa masa 'ya. Yarinyar ta kai shekara shida Baba bai taɓa ɗaukarta ba, a fuskar waya kawai yake ganinta. “Uwar ɗakina” yake ce mata. Ita kuwa Hausarta ba ta wuce “sannu” ba, yaren uwarta take yi. Wata bakwai kafin wannan yammacin, Baba ya haddace wata 'yar gaisuwa da yaren nasu don ya ba ta mamaki. Aka yi kiran bidiyo, ya buɗe baki ya zuba mata. Baba ba shi da haƙoran gaba, sama da ƙasa, iska ke fita da rabin maganarsa. Yarinya ta zaro ido, ta koma bayan ubanta ta ɓuya, ta tambaye shi wani abu ƙasa-ƙasa. Baba ya matsa sai an faɗa masa me ta ce. Auta ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya ce, “Cewa ta yi, me ya sa tsohon yake faɗa?”

Daga ranar Baba bai ƙara yarda an haska fuskarsa ba. In Auta ya kira, murya kawai. Da Auta ya ga abin ya yi tsamari, sai ya aiko masa da sabuwar waya da manhajar gyaran furuci a ciki. Matar da ke ciki ta faɗi magana, kai ka maimaita, ita kuma ta ba ka maki cikin ɗari. Inda ka faɗa daidai ya yi kore, inda ka kauce ya yi ja, har da zanen baki yana nuna maka inda harshe zai tsaya. In ka kai casa'in sai allon duka ya koma kore. Auta ya yi haka ne don uban ya saki jiki. Ashe ya ba kafinta sabon ma'auni ne. Baba ya rantse ba zai yi wa uwar ɗakinsa magana ba sai ranar da allon nan ya yi kore.

Magana uku kacal yake koyo. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ita ta shigar masa da su, manhajar ta juya su zuwa yaren. Ma'anarsu ita ce: Ni ne kakanki. Na yi miki kujera. Zo ki zauna. Kujerar kuwa tana nan, 'yar ƙarama mai jingina, ya goge ta har tana santsi, ita ce aikin ƙarshe da ya fito daga rumfar nan. Kullum ƙarfe huɗu wayar za ta yi ƙara ta tuna masa darasi, kullum ni ma sai na sha darasin ta kan katanga. Ban san ko kalma ɗaya ta yaren ba, amma maganganun nan uku sun zauna min a ka daram, har na kan tsinci kaina ina faɗarsu ina zura zare a allura.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya shafa man shafawa a leɓe. Ya sha ruwan ɗumi. Ya kori kajin maƙwabta wai suna shiga masa maki. Har haƙoran roba ya je aka yi masa, ya dawo yana washe baki kamar sabon ango. Ranar ya ci saba'in da huɗu, yana cikin kirana in zo in gani, haƙoran suka suɓuce suka faɗo kan wayar, ƙwas! Na yi dariya har da riƙe katanga. Daga baya suka yi masa gyambo a dasashi, ya jefa su cikin gwangwanin ƙusoshi. Da bakinsa na Allah kuwa, iyakar abin da ya taɓa ci sittin da ɗaya ne.

Dariyar ta ƙare min ranar da Nas ta shigo da rigar aikinta wai in rage mata ƙugu. Ta zauna a kan bencina, ta ƙura wa almakashi ido.

“Yaya, zuciyar Baba ta gaji,” ta ce. “Likita ya ce maganar makonni ake yi, in an yi sa'a.”

“Innalillahi. Auta fa?”

“Fasfon yarinyar bai fito ba, shi ma ba a ba shi hutu ba. Sai nan da wata biyu.”

“Shi Baban ya sani?”

“Ya sani sarai. Kin san me ya ce? Wai to dole ya ƙara darasin safe.”

Ban ko taɓa rigar ba. Na yafa mayafi na zagaya. Na same shi a ɗaki, domin a lokacin fita rumfa ta fara yi masa wuya. Ƙafafunsa sun kumbura sun cika silifa, 'yar kujerar tana gefen taga.

“Baba, ka kira yarinyar nan yau.”

“Sittin na ci da safe. Saura talatin.”

“Talatin ɗin nan ba za su zo ba, kai ma ka sani. Da babu ai gara ba daɗi.”

“Ke kin taɓa ba mutum riga ba hannu ɗaya?”

“Na taɓa ba mutum riga ba maɓalli. Ya sa ya je inda za shi, ya dawo na ɗinka masa.”

“Shi ya sa ke tela ce, ni kafinta.”

Wallahi ji na yi kamar in fizge wayar in jefa ta rijiya. Ya ga fuskata, sai ya cire tabarau ya murza idanu.

“'Yar nan, ba ki ga fuskarta ba ranar,” ya ce. “Tsorona ta ji. Jinina, ta ɓuya saboda ni. In na sake buɗe baki ta sake ɓuya, shi ke nan abin da za ta riƙe: wani tsoho mai gurnani a waya. Gara ta riƙe hoto, hoto ba ya ba yaro tsoro.”

Na dawo gida da haushinsa da tausayinsa, ga kuma tsoro. Tsoron da nake ji shi ne ranar da ƙarfe huɗu za ta yi, wayar ta yi ƙara, babu mai amsa mata, yarinya kuma ba ta ji komai ba.

Kwana biyu bayan nan Nas ta dawo karɓar rigarta, ta nuna min sabon hoton da Auta ya turo. Yarinyar ce a bakin ƙofar makaranta, ta washe baki. Ta yi famfara, haƙoran gaba huɗu babu, giɓi fayau kamar an buɗe taga. Na kalli hoton, na kalli tef ɗin awo da ke rataye a wuyana, sai wani tsohon abu ya faɗo min.

Shekarun baya, a mako ɗaya mata uku suka dawo min da ɗinki wai ya matse su. Na yi kuka na ce idona ne ya tafi. Baba ya ji ta kan katanga, ya zagayo, ya karɓi tef ɗina ya shimfiɗa shi a kan awon da ya zana min a gefen tebur. Ashe tef ɗin ne ya tsufa ya saki. Ina auna mutum da mai ƙarya, ina yanka da mai gaskiya. Ya miƙo min ya ce, “Kafin ki zargi hannunki, ki fara auna ma'aunin.”

Na ce wa Nas ta kira min Auta yanzu-yanzu.

“Yaya, lafiya dai?” in ji shi.

“Lafiya lau. Saurara, zan faɗa maka wani abu, ka gaya min ko ka gane.”

Na rufe ido na zubo maganganun nan uku yadda nake jin su ta kan katanga, har da fitar iskar. Da na gama, sai na ɗauka layin ne ya yanke.

“Auta, kana nan?”

“Ina nan, Yaya,” in ji shi. “Kujera ya yi mata?”

“Au, ka gane?”

“Tas na gane. Wa zai kasa ganewa?”

Nan na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Maganar da ta tsallako katanga ta shiga bakin tela, aka kuma gane ta, ina ga daga bakin mai ita? Na ce masa ya sa wa 'yarsa manhajar nan, ya sa ta faɗi ta ƙarshen kawai, zo ki zauna, kada ya ɓata wa Baba shiri. Ya ɗauko mana bidiyonta tana faɗa ya turo.

Washegari da hantsi saƙon ya iso. Muka shiga ni da Nas. An tokare Baba da filo uku, domin in ya kwanta miƙe numfashi ba ya yi masa. Nas ta sa masa tabarau ta danna. Ga yarinya a kan gado ta tanƙwashe ƙafa, muryar matar nan ta faɗi maganar, ita ma ta faɗa da yaren da aka haife ta a ciki, iska na fita ta giɓi, fiii. Sai ƙarar faɗuwa. Allo ya yi ja. Yarinya ta turo baki, ta ɗaka wa katifa duka.

Sai da Baba ya kalla sau uku, sannan ya ɗago kai.

“Nawa ta ba ta?”

“Hamsin da takwas,” in ji Nas.

“Ni fa, nawa ne babban makina?”

“Saba'in da huɗu, ranar haƙora.”

“Ba a lissafa na haƙoran aro. Na bakina.”

“Sittin da ɗaya.”

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Ya yi ta har tarin gaske ya sarƙe shi, Nas tana shafa masa baya tana cewa ya isa haka.

“Wato na fi mai yaren da uku,” ya ce yana share hawaye. “Kai! Ashe ba ni kaɗai matar nan ta raina ba.”

“Baba, wa ya taɓa ce min in fara auna ma'aunin?”

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Ke ce kika kai tsegumina.”

“Ni ce. In za ka yi min Allah ya isa, bismilla.”

“Miƙo min hulata,” ya ce wa Nas. “Ke kuma juyo da kujerar nan ta kalli haske.”

Nas ta danna kiran bidiyo, ni na riƙe wayar. Auta ya ɗauka, ya zaunar da yarinyar a cinyarsa. Ta kalli Baba, Baba ya kalle ta. Na ga ta ɗan ja baya ta kama rigar ubanta. Sai Baba ya washe mata baki, ya nuna giɓinsa da yatsa, ya nuna nata. Ta sa hannu ta rufe baki. Ta cire. Ta ƙyalƙyale da dariya.

Sannan ya faɗa, a hankali, ba irin ihun da yake wa malamarsa ba. Ni ne kakanki. Na yi miki kujera. Zo ki zauna. Na karkata wayar ta ga kujerar.

Ba ta juya ta kalli ubanta ba. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ɓarke da zuba, magana bayan magana, tana nuni da hannu. Baba ya saki baki. Wata bakwai yana koyon faɗa, bai taɓa tunanin za a ba shi amsa ba.

“Me ta ce? Kai Auta, me take cewa?”

“Ta ce tata ce ita kaɗai? Kuma me ya sa ba ta da launi?”

“Ka ce mata tata ce, ko kai ba ka isa ka zauna ba. Wane launi take so?”

Aka tambaye ta. Ta ɗaga ido sama tana tunani, ta ce rawaya.

“Alhamdulillahi,” in ji Baba. “Da ta ce kore da na rasa inda zan samo.”

Na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, amma na daɗi. Rabon da in ji jikina sakayau haka har na manta.

Ni na yi fentin, a tsakar ɗakinsa, a kan tsofaffin jaridu, yana daga gado yana ba ni umarni. “Bi tsawon katako, Mai ɗinki, ba zane kike rinawa ba. Kin bar ɗigo a ƙafar hagu.” Sau biyu na shafa, sau biyu ya ce in ƙara. Kullum da yamma kuma sai an kira uwar ɗakinsa ta duba aiki. Ba su da wasu kalmomi sai nasa uku da “sannu” ɗinta, amma sai su yi rabin awa, yana faɗa tana gyara masa, tana faɗa yana gyara mata, Auta a gefe ya zama ɗan kallo. Ƙarfe huɗu in wayar ta tuna masa darasi sai ya ce, “Malama, a yi haƙuri, na sauya makaranta.”

Kwana shida ya yi bayan kiran farko. Ran na bakwai da safe, rana ta ɗan ɗaga, ya ce wa Nas ta ɗora ma'auninsa a kan kujerar ta faɗa masa inda ɗigon yake. Ta ce a tsakiya yake cif. Ya ce to madalla, bari ya ɗan runtsa. Ta je ɗauko masa ruwa, ta dawo ta tarar ya tafi, hular tana kansa, ɗakin yana ƙanshin fenti. Allah ya jiƙan Baba. Na yi kewarsa, har yau in na ɗora almakashi a tebur sai na tuna shi. Amma masu zuwa gaisuwa da suke cewa kaico bai ga jikarsa ba, sai in ce musu ni dai ban da kaico a wannan mutuwar. Abin da ya tsaya masa a wuya ya faɗe shi, an kuma ji.

Auta ya iso bayan wata biyu, da matarsa da yarinyar. Sababbin haƙora sun fito mata, manya-manya, sun rufe giɓin. Tana shiga gidan ba ta tsaya gaishe da kowa ba, ta wuce ta sami kujerar a ƙarƙashin rumfa ta zauna. Ta jijjiga hagu, ta jijjiga dama. Kujerar ko motsi ba ta yi ba.

Ina barandata da yamma na ji wayar Baba ta yi ƙarar ƙarfe huɗu, domin Nas ta kasa kashe ta, kullum sai ta sa mata caji. Na leƙa ta kan katanga. Yarinyar ce riƙe da ita a kan kujerar. Matar cikin wayar ta faɗi maganar, yarinya ta maimaita, sai wani ƙara mai daɗi da ban taɓa ji ba ya tashi, allon ya koma kore shar. Ta ɓata fuska. Ta sake dannawa. Wannan karon ta naɗe leɓɓanta a kan haƙora, ta kumbura murya, ta faɗa da iska na fita, sak yadda na saba ji wata bakwai. Allon ya yi ja.

Ta ɗora wayar a cinya, ta jingina da bayan kujerar, tana kaɗa ƙafafu.